Fotal ɗin Manyan Kwamfutoci: Abin da Ya Ɗauke wa Mai Bincike a Jos, da Abin da Ya Bar Masa

Duk ɗalibin jami'a a ƙasar nan ya san fotal. A nan ya biya kuɗin makaranta, a nan ya yi rajistar kwasa-kwasai, a nan kuma yake duba sakamako gabansa na dukan uku-uku. Akwai wani irin fotal da bai yi wannan sunan ba a wajenmu, wanda aikinsa haɗa mai bincike da manyan kwamfutocin lissafi ta cikin burauza, kamar yadda mutum zai buɗe imel ɗinsa. Masu buƙatarsa a Filato ba kaɗan ba ne. Akwai mai bin diddigin ƙwayar cutar murar tsuntsaye a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Akwai mai tace hotunan tauraron ɗan'adam don ya ga yadda tsofaffin ramukan kuza suka ci ƙasar noma. Akwai ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Jos da ke gwada dubban sinadaran itatuwan magani a kan furotin ɗin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Kowannensu yakan kai matsayin da laftof zai kwana uku yana huci, fanka tana kuka, daga ƙarshe ya sanƙare bai ba da amsa ba.

Fotal yana magance wani ɓangare na wannan matsala, kuma yana magance shi sosai. Sai dai masu tallarsa sukan yi magana kamar da an buɗe shafi shi ke nan an gama. Kafin mutum ya gane abin da aka ɗauke masa da abin da ya rage a wuyansa, sai ya san gidan da ke bayan ƙofar.

Abin da ake kira babbar kwamfuta gungu ne na injina, ɗaruruwa ko dubbai, jere cikin dogayen kabad na ƙarfe. Kowane inji yana da ƙwayoyin lissafi, wato sassan da kowanne ke iya yin nasa lissafin, yau da kullum 32 zuwa 128, da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita, da kan kai gigabayit 128 zuwa 512. An haɗa su da wayoyi na musamman, galibi InfiniBand, da ke kai saƙo daga wannan inji zuwa wancan cikin 'yan ɓangarori na miliyan na daƙiƙa, kuma dukkansu suna ganin rumbun ajiya guda. Linux, takwarar Windows, ke tafiyar da su. Tun Nuwamban 2017 babu ko ɗaya cikin injina 500 mafiya ƙarfi a duniya da ke amfani da wani abu daban. A nahiyarmu sanannun su ne Lengau da ke Cape Town, wanda aka ƙaddamar a 2016, da Toubkal na ƙasar Maroko da ya biyo baya a 2021.

Ba a barin kowa ya taɓa waɗannan injina kai tsaye. Akwai inji guda na shiga, kamar zaure, inda mutum zai tsaya ya rubuta buƙatarsa: ƙwayoyi nawa, ram nawa, awa nawa, wace manhaja. Sai ya miƙa wa mai tsara layi, wanda a yawancin wurare manhajar Slurm ce. A tsohuwar hanya, kafin mutum ya kai ga miƙa wannan takarda sai ya koyi shiga ta SSH, hanyar shiga inji daga nesa ta rubuta umarni, ya ƙirƙiri makulli, ya koyi kwafe fayil da umarni, ya iya gyara rubutu a baƙin allo inda linzamin kwamfuta ba ya aiki. Ƙaramin abu ma na iya tsayar da shi. Idan ya rubuta takardar a Windows, ƙarshen kowane layi yana ɗauke da wata alama da ido ba ya gani, kuma Slurm zai ƙi karɓar takardar saboda ita. Likitan dabbobi da ya shekara goma yana sanin ƙwayoyin cuta ciki da waje sai ya koma ɗan aji ɗaya, ya ɓata sati biyu bai taɓa bincikensa ba. Da yawa a nan suke haƙura.

Fotal iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba

Nau'i na farko ƙofa ce ta gaba ɗaya zuwa wani gungu takamaimai. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Open OnDemand, da cibiyar manyan kwamfutoci ta jihar Ohio a Amurka ta ƙirƙira, kuma kyauta ake sauke shi. Mutum yana da asusunsa a kan injin, fotal ɗin fuska ce kawai. Yana shiga zai ga fayilolinsa, ya ja ya ajiye, ya ga jerin ayyukansa, ya buɗe manhajojin nazarin bayanai irin Jupyter ko RStudio, ko ma cikakken tebur mai hoto. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne: babbar sabar shafin ta tantance shi, sai ta tayar masa da wata ƙaramar saba tasa shi kaɗai, da ke aiki da sunansa da izininsa. Ya cika fom, fom ɗin ya zama irin takardar nan da a da zai rubuta da hannu, aka miƙa wa Slurm. Idan layi ya zo kansa, aikin ya tashi a wani inji can ciki, fotal ya shimfiɗa hanya daga burauzarsa zuwa wannan inji. Tunda komai da sunansa ake yi, ba zai ga fayil ɗin wani ba, kuma duk ɓarnar da ya yi a kansa za a rubuta.

Nau'i na biyu na fanni guda ne, kuma yana ɓoye injin gaba ɗaya. Galaxy, da ya faro a jami'ar Penn State a 2005, na masu nazarin ƙwayoyin halitta ne. Kada a haɗa shi da Galaxy Backbone na Abuja, suna ne kawai ya zo ɗaya. Akwai nanoHUB na jami'ar Purdue don masu nazarin ƙananan sassan lantarki da sinadarai, akwai CIPRES a San Diego don masu zana bishiyar dangantakar halittu. A irin waɗannan, mutum ba shi da asusu a kan babban injin. Fotal ɗin ne ke da asusu guda na jama'a, yana tura ayyukan kowa da shi, yana riƙe lissafin wanda ya yi me. Amfaninsa ga mai bincike a Jos a fili yake: da adireshin imel zai yi rajista a babbar sabar Galaxy ta Turai ko ta Amurka, a ba shi wurin ajiya na gigabayit 250, ya fara aiki a ranar. Illarsa ita ce abin da aka girka shi zai yi amfani da shi. Idan bincikensa ya kauce daga hanyar da aka share, dole ya koma nau'i na farko.

Ga ribar da ta fi kowace girma a wajenmu, ko da yake ba ita masu ƙera waɗannan manhajoji suka fi ambata ba. Da zarar an miƙa aiki, ya bar hannunka. A ɗauke wuta a Farar Gada, data ta ƙare, laftof ya mutu, aikin yana can yana tafiya. Gobe ka buɗe a waya ka ga inda aka kwana. Wanda ya taɓa rasa lissafin kwana biyu saboda batirin inbata ya gaza da asuba ya san darajar wannan.

Layi yana nan

Fom ya sauƙaƙa rubuta buƙata, amma bai san buƙatarka ba. Ga irin hirar da ake yi a duk inda ake kula da gungu:

"Injiniya, barka da aiki. Aikina tun shekaranjiya yana layi, ko injin ya samu matsala ne?"

"Lafiyarsa lau, Malama. Awa nawa kika nema?"

"Na sa kwana bakwai, don kada ya yanke. Ƙwayoyi kuma na zaɓi mafi yawa."

"To ai shi ya sa."

Mai tsara layi yana aiki kamar ɗan kamasho a tashar Bauchi Road. Mota ta kusa cika, saura kujera ɗaya. Iyali mai mutum shida da suka riga kowa zuwa ba za su shiga ba, sai su jira mota ta gaba. Mai tafiya shi kaɗai da ya zo yanzu, shi zai haye. Slurm yana keɓe wa babban aiki wuri, amma kafin injinan da aka keɓe su gama sakin jiki, yana cusa ƙananan ayyuka a giɓin, muddin ya tabbata za su gama kafin lokacin babban. Da awannin da ka rubuta yake wannan lissafi. Wanda ya nemi awa 4 zai samu giɓi sau da yawa a rana. Wanda ya nemi awa 168 sai ya jira babbar dama. A ɗaya gefen, idan ka nemi awa 10 aikin ya buƙaci 11, za a yanke shi a kan awa 10 cif, a rubuta TIMEOUT, kuma in manhajar ba ta ajiye inda ta tsaya ba, komai ya tafi. Dabarar ita ce a gwada da ƙaramin yanki na bayanan, a auna, a ninka, a ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sannan a kunna tsarin ajiye zango ga manhajojin da ke da shi, irin su GROMACS da WRF. Akwai kuma rabon adalci: wanda ƙungiyarsa ta ci injin da yawa a makonnin baya, matsayinsa a layi yana sauka, sai ya farfaɗo a hankali.

Kuɗin wannan duniya shi ne awar ƙwaya, wato yawan ƙwayoyin da aka ba ka sau awannin da ka riƙe su. Ko sun yi aiki ko sun yi zaman banza, an cire. A nan ne zaɓen mafi yawa ke cutarwa. Wani aikin kamar noman gayya ne, mutum sittin za su raba gona su gama kafin azahar. Wani kamar haƙar rijiya ne, ko mutum ɗari suka taru, ɗaya ne zai shiga ƙasa. Yawancin manhajoji gaurayen biyun ne, kuma Gene Amdahl ya yi lissafin abin tun 1967. A ce aiki yana cin awa 64 a ƙwaya ɗaya, kuma kashi 10 cikin ɗari nasa ba ya rabuwa. A ƙwayoyi 16 zai gama cikin awa 10, an ci awar ƙwaya 160. A ƙwayoyi 64 zai gama cikin awa 7.3, an ci 467. Kusan ninki uku na kuɗi don a rage ƙasa da awa uku, ga ƙarin jira a layi. Ko ƙwayoyi dubu aka zuba, ba zai sauko ƙasa da awa 6.4 ba. Mafi muni shi ne manhajar da sam ba ta san raba aiki ba, kamar yawancin rubutun R da Python na ɗalibai: ƙwaya ɗaya tana gumi, 63 suna kallo.

Aikin ɗalibar nan mai gwada sinadarai kuwa gayya ce zalla. Sinadari 5,000, kowanne minti uku a ƙwaya ɗaya, awa 250 ke nan. A raba su jerin ƙananan ayyuka a ƙwayoyi 100, awa biyu da rabi. Mai hasashen yanayi nasa ya bambanta. Tsaunukan Filato suna buƙatar taswirar da aka yanka zuwa ƙananan gidaje, kamar na dara, kafin a kama yadda hadari ke haɗuwa, amma saukowa daga gida mai faɗin kilomita 9 zuwa mai kilomita 3 yana ninka gidajen sau tara, yana kuma tilasta a rage tsawon kowane taki na lokaci sau uku. Aikin ya ninku sau 27. A fom, sauya lamba ɗaya ce.

Inda gizo ke saƙar

Ga mai bincike a Ohio, tsakanin ofishinsa da injin akwai wayar jami'a mai gudun gigabit da yawa. Ga na Jos, akwai data ta waya ko intanet ɗin sashe da mutum hamsin ke rabawa. Lissafin ba shi da wuya. Gigabayit 100 a kan layi mai tura megabit 10 a daƙiƙa zai ci awa 22, in bai yanke ko sau ɗaya ba. Terabayit ɗaya zai ci sama da kwana tara. Kuma gudun turawa ake magana, wanda kusan kullum ya gaza na saukewa da kamfanoni ke talla da shi. Ƙwayoyin halittar mutum ɗaya da aka karanta sosai suna kai gomman gigabayit ko bayan an matse su. Na ƙwayar cutar bairos ƙanana ne, shi ya sa mai aiki a Vom zai fi jin daɗin Galaxy fiye da mai hotunan tauraron ɗan'adam.

Burauza ba a yi ta don dakon kaya masu nauyi ba. Open OnDemand kansa yana zuwa da iyaka ta kusan gigabayit 10 ga fayil guda, kuma idan intanet ta yanke a kashi 90, sau da yawa daga farko za a koma. Don manyan fayiloli akwai manhajojin dakon fayil irin Globus, da rsync ga wanda ya iya, dukkansu suna ci gaba daga inda suka tsaya. Bayan an tura, a kwatanta lambar tantance fayil ta nan da ta can. Fayil da ya yanke a hanya yakan buɗe kamar lafiyayye, sai aiki ya yi nisa sannan ya faɗi, ko kuma ya gama ya ba da amsar rabin bayanai ba tare da ya ce uffan ba.

Mafita mafi kyau ita ce kada bayanan su biyo ta Jos sam. Idan daga rumbun jama'a suke, kamar NCBI ko ENA masu ajiye bayanan ƙwayoyin halitta, a ba fotal adireshin ya jawo da kansa, saba zuwa saba, cikin mintuna. Idan wani kamfani a waje ne ya karanta samfurin, a ce ya tura kai tsaye zuwa gungun. Manyan rumbunan kwatance ma suna can a ajiye: na AlphaFold, manhajar hasashen siffar furotin, kaɗai ya haura terabayit biyu, ba wanda zai sauke shi da data. Abin da zai dawo gida teburi ne da zane-zane, megabayit kaɗan. Mai bincike da ya gane haka ya daina kallon fotal a matsayin wurin kai niƙa a dawo da gari; ya mayar da shi wurin da hatsin yake zaune tun farko.

Nisa ma yana da tasa. Saƙo daga nan sai ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku, ya je Turai ya dawo, abin da kan ci sama da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, zuwa Amurka kuma fiye da haka. Cika fom da Jupyter ba sa damuwa da wannan. Tebur mai hoto kuwa, inda ake juya siffar furotin da linzami, yakan riƙa tsalle-tsalle. Rage ingancin hoto a saitin yana taimakawa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, duk mai aiki a injin waje ya ga iyakarsa. Ayyukan da aka riga aka miƙa dai sun ci gaba da tafiya.

Wane ne kai?

Cibiyoyin da ke ba da injinsu kyauta suna son su san wanda suke bai wa. Hanyar da duniyar bincike ta shimfiɗa ita ce mutum ya shiga da shaidar jami'arsa, jami'ar ta tsaya masa, ta cikin haɗakar da ake kira eduGAIN. Wannan yana buƙatar jami'a ta riƙe rajistar ma'aikata da ɗalibai mai rai, a cire wanda ya tafi, a saka wanda ya zo. Hanyar sadarwar jami'o'in Najeriya, NgREN, da aka ƙaddamar a 2014 da jami'o'in tarayya 27, da WACREN ta yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, an kafa su ne don irin wannan. Amma shugaban sashe da har yau yake aika takardun aiki da tsohon adireshinsa na Yahoo zai sha tambayoyi kafin a buɗe masa asusu. Imel na makaranta, mai aiki, shi ne mataki na farko, kuma ba ya cin ko kwabo.

Al'adar nan ta malami ya karɓi asusu ɗaya ya raba kalmar sirri ga ɗalibai shida, ita ce hanya mafi sauri ta rasa asusun. Ba tsaurin banza ba ne. A watan Mayun 2020 an kutsa manyan kwamfutoci da dama a Turai, ciki har da ARCHER na Birtaniya, ta hanyar satattun shaidun shiga, har aka rufe su aka sauya wa kowa makulli. Shi ya sa yanzu kusan ko'ina sai da lamba ta biyu daga waya. Wanda zai yi rajista ya zaɓi manhajar da ke fitar da lambar ko babu sabis, maimakon saƙon tes da kan maƙale tsakanin ƙasashe, ya kuma rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda. Waya tana ɓata, kuma dawo da asusu daga cibiyar da ke wata nahiya na iya cin kwanaki.

Bayanan marasa lafiya maganarsu daban ce. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa waje, kuma izinin kwamitin ɗa'a da takardar amincewar da majiyyaci ya sa wa hannu su ke faɗin inda bayanan za su iya zuwa. Sabobin Galaxy na jama'a ba a yi su don irin waɗannan ba. Sauƙin ja-ka-ajiye ne ma ya sa kuskuren ya zama mai sauƙin aikatawa.

Sauran abubuwan da ke faruwa bayan an shiga sanannu ne. Aiki ya mutu da lamba 137 ko saƙon cewa ram ya ƙare: an nemi gigabayit 8, manhajar haɗa ƙwayoyin halitta ta buƙaci 60. Slurm yana ajiye lissafin mafi yawan ram da kowane aiki ya ci, a duba a gyara. Wurin aiki na wucin gadi, mai sauri da faɗi, ana share shi bayan kwana 30, 60 ko 90 gwargwadon dokar cibiya, kuma ba a yi masa kwafin ajiya. Ɗalibin da ya tafi hutun ƙarshen zango ya bar sakamakonsa a can zai dawo ya tarar da fili. Rumbunan ajiyar gungu, irin Lustre, suna son manyan fayiloli kaɗan, suna ƙin ƙanana masu yawa, don haka sinadari 5,000 da kowanne ya haifi fayil goma na iya cika ƙa'idar adadin fayiloli alhali wuri bai cika ba; a dunƙule su a fayil guda. Rufe shafin burauza kuma ba ya kashe Jupyter. Yana nan riƙe da injin, wani lokacin har da katin GPU, na'urar lissafi mai sauri da mutum goma ke jira, har awannin da aka nema su ƙare.

Akwai wadda ta fi waɗannan haɗari domin ba ta fitar da saƙon kuskure. Fom yana zuwa da zaɓuɓɓuka a cike, maɓallin tura aiki kuma kore ne mai kyau. Mutum zai iya gina bishiyar dangantakar ƙwayoyin cuta da tsarin lissafin da bai dace da bayanansa ba, ta fito tsaf, ya sa a kundi. Baƙin allo, duk da wahalarsa, yana tilasta wa mutum ya karanta kafin ya buga. A ganina wannan nauyin masu duba ɗalibai ne: a tambayi ɗalibi dalilin kowane zaɓi, kamar yadda za a tambaye shi dalilin zafin da ya sa a injin ɗumama samfuri. Galaxy yana da kyakkyawar ɗabi'a a nan, yana ajiye tarihin kowane mataki da sigar manhaja da saitinta, har a iya miƙa wa mai duba aiki ya maimaita. A nau'i na farko sai mutum ya rubuta da kansa, ko ya kulle manhajojinsa cikin akwatin Apptainer, mai riƙe su yadda suke, don kada sabuntawar da cibiya za ta yi baɗi ta sauya masa sakamako.

In an ce a gina namu

Duk taron da aka yi kan wannan, wani zai miƙe ya ce me ya hana mu girka namu a Jos, ga sanyi kyauta. Akwai gaskiya a ciki. Gari mai tsayin kusan mita 1,200 yana rage wahalar sanyaya ɗaki in aka kwatanta da Abuja. Amma a yi lissafi. Ƙaramin gungu mai inji 20, kowanne yana jan wat 600, kilowat 12 ke nan. A ƙara rabin haka don sanyaya da asarar batura, ya zama 18. A wata guda yunit 12,960. Ko a kan naira 200 kowane yunit, kuɗin ya kusa naira miliyan 2.6 duk wata, kafin a sayi litar dizal ɗaya. Wutar kuma ba ta yarda da ƙiftawa: batura su riƙe, janareta ya karɓa cikin daƙiƙu, in ba haka ba ayyukan mutum talatin su mutu tare, rumbun ajiya ma ya iya lalacewa. Ƙurar hunturu tana toshe matatun iska, tsawar damina ta Filato tana neman waya mai kyakkyawar haɗi da ƙasa, janareta kuma yana rage ƙarfi a kan tudu.

Injinan kansu ana iya samu. Cibiyar da ke kula da Lengau a Cape Town ta daɗe tana rarraba sassan tsofaffin manyan kwamfutoci, ciki har da Ranger na Texas, ga jami'o'in Afirka tare da horar da masu kula da su. Fotal ɗin ma kyauta ne, ƙwararre zai girka shi a 'yan kwanaki a kan ƙaramar saba. Abin da ke wuya shi ne mutumin da zai zauna: wanda zai sabunta takardar tsaron shafin kafin ta ƙare burauza ta fara korar mutane, ya toshe ramukan tsaro, ya girka manhajar da sashen kimiyyar sinadarai ke nema, ya gyara fom idan an sauya sunan layi a Slurm, ya amsa wa Malama dalilin da aikinta ke jira. Mutum biyu aƙalla, domin ɗaya zai yi rashin lafiya ko ya tafi hutu. Wanda ya iya wannan aiki, kamfanonin waje suna nemansa da dala yana zaune a ɗakinsa a Rayfield, kuma tallafin da ya sayi injin galibi shekara uku ne, ba ya ɗauke da albashin shekara ta huɗu.